Abin Da Ke Lanƙwasa Ƙwallo A Iska, Da Yadda Za Ka Auna Shi Da Wayarka

Idan matashi ya shiga shagon waya a Gumel, ko ya tsaya cinikin ta hannu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, tambayoyinsa ba sa wuce huɗu: ram ɗinta nawa, tana riƙe caji, kyamarar megafiksel nawa ce, sai kuma nawa za a bari. Da wuya ka ji wanda ya tambayi hoto nawa kyamarar ke ɗauka a cikin sakan ɗaya. Alhali wannan lambar, wadda ake rubutawa fps a saitin kyamara, ita ce ke mayar da waya na'urar awo. Da ita za ka san gudun ƙwallon da ka buga, da yawan juyin da ta yi a iska, da dalilin da ya sa bugun tazarar wani ke lanƙwasawa ya faɗa raga, naka kuma ya wuce bayan gari.

Ɗaya daga cikin wasannin da suka fi zurfafa bincike a kan tafiyar ƙwallo a iska shi ne besbol, wanda ake ji da shi a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Kuba. Ba a buga shi a filayenmu, kuma ba ina neman ka fara ba ne. Amma dokokin Fiziks da suka kashe miliyoyin daloli suna aunawa su ne dai ke aiki a filin yashi na Sule Tankarkar da yamma, don haka za mu ari lissafinsu mu yi aikinmu.

Sakan ɗaya ya yi yawa

A besbol mutum ɗaya ne ke jefa ƙwallo, wani kuma yana tsaye da gora yana jiran ya make ta. Tsakaninsu mita 18.44. Ƙwallon ba ta fi lemon zaƙi girma ba, nauyinta giram 142 zuwa 149, wato yawancin wayoyin da muke riƙewa sun fi ta nauyi. An naɗe ta da zare an rufe da fata, an ɗinke da jan zare ɗinki 108. Riƙe maganar ɗinkin nan, za mu dawo kanta.

Ƙwararren mai jifa yana sakin ƙwallon da gudun kilomita 150 ko fiye a awa. Aroldis Chapman, ɗan asalin Kuba, ya yi jifan da aka auna da kilomita 170 a awa a watan Satumba na 2010, lokacin yana Cincinnati Reds. A irin wannan gudun ƙwallon tana isa wurin mai gora a cikin kashi 4 cikin 10 na sakan. Lilo da gorar kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan lokacin. Ke nan dole ya yanke shawarar bugu ko bari tun ƙwallon ba ta yi rabin hanya ba. Ba kallonta yake yi har ta iso ba, hasashen inda za ta bi yake yi. Duk dabarar mai jifa kuwa ita ce ya ɓata masa wannan hasashen.

Daga ina hannun ɗan Adam ke samo wannan gudun? Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majaujawa ya san amsar a jikinsa, ko da bai san ta a takarda ba. Majaujawa ba ta ƙara maka ƙarfi, tsawon hannu take ƙara maka. Idan daga kafaɗarka zuwa inda dutsen yake mita 1.2 ne, kana kuma wulwula ta sau uku a sakan, dutsen yana zagaye da gudun kusan mita 23 a sakan, wato sama da kilomita 80 a awa. Ka ƙara tsawon igiyar ba tare da ka rage wulwulawar ba, gudun ya ƙaru. Da ka saki bakin igiya ɗaya, dutsen ba ya ci gaba da zagaye, miƙewa yake yi ta inda ya fuskanta a daidai wannan lokacin. Shi ya sa sabon shiga ke jefa dutse gonar maƙwabci: ƙarfinsa lafiya lau, lokacin saki ne bai iya ba.

Mai jifan besbol jikinsa ne majaujawar. Yana turo ƙasa da ƙafar baya, ƙugu ya juya, ƙirji ya bi, sannan kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Kowace gaɓa tana miƙa wa ta gaba gudun da ta tara. Masu binciken motsin jiki sun auna juyawar kafaɗar ƙwararru ta kai digiri 7,000 a sakan, kuma tana cikin motsi mafi sauri da aka taɓa aunawa a jikin mutum. Abin yana da farashi. Jijiyar gwiwar hannu tana yawan tsinkewa, har tiyatar gyara ta ta ɗauki sunan ɗan wasan da aka fara yi wa a 1974, Tommy John. Haka ma bugun ƙwallon ƙafa: wanda ke bugawa da ƙafa zalla ba zai taɓa kamo wanda ke farawa daga ƙugu ba.

Ba asiri ba ne, juyi ne

A ranar 3 ga Yuni 1997, a birnin Liyon na Faransa, Roberto Carlos na Brazil ya buga tazara daga wajen mita 35. Ƙwallon ta bi ta gefen katangar 'yan wasa kamar za ta fita waje, sai ta karyo hagu ta taɓa ƙarfe ta shiga. Har yau idan bidiyon ya zagayo a TikTok sai an yi musu a ƙasansa.

Bayanin ya girmi ƙwallon ƙafa ta zamani. Isaac Newton ya rubuta tun 1672 cewa ya lura ƙwallon tanis tana karkacewa idan an buge ta a gefe. Bajamushe Heinrich Gustav Magnus ya yi gwaji a kai a 1852, abin ya ɗauki sunansa. Ga yadda yake. Ƙwallo mai juyawa kamar katantanwa tana jan siririyar iskar da ke manne da fatarta. A gefe ɗaya fatar tana tafiya tare da iskar da ke wucewa, sai iskar ta daɗe tana bin jikin ƙwallon har ta zagayo bayanta. A ɗaya gefen fatar tana karo da iskar, sai iskar ta rabu da ita da wuri. Sakamakon haka ƙwallon tana watsa iska gefe guda, iskar kuma ta rama ta tura ƙwallon ɗaya gefen.

Hanya mafi sauƙi ta tunawa: ƙwallo tana lanƙwasawa ne zuwa inda fuskarta ta gaba ke juyawa. Ka bugi gefen damanta da cikin ƙafar dama, fuskarta za ta riƙa juyawa hagu, sai ta karya hagu. Roberto Carlos ma gefen daman ya buga, amma da bayan ƙafar hagu. Idan fuskar tana juyawa ƙasa, ƙwallon ta yi saurin nutsewa bayan ta haye katanga. Idan ka sare ta ta ƙasa tana juyawa baya, sai ta yi ta shawagi, abin da gola ke so ke nan.

A Amurka an daɗe ana gardama ko jifan besbol yana lanƙwasawa da gaske ko ido ne ke yaudarar mutane, sai a 1959 wani masanin Fiziks, Lyman Briggs, ya yi gwaji a ramin iska ya nuna tana iya kaucewa har kusan santimita 44. Yau an san jifa mai gudu yana juyawa wajen sau 2,200 zuwa 2,300 a minti. 'Yan wasa kan rantse cewa irin wannan ƙwallon tana tashi sama kafin ta iso. Ba ta tashi. A cikin kashi 4 cikin 10 na sakan, jan ƙasa yana saukar da kowane abu kusan santimita 78. Juyin baya yana cinye wajen rabin wannan faɗuwar ne kawai. Ƙwaƙwalwar mai gora ta sa ran ƙwallon za ta sauko fiye da haka, da ba ta sauko ba sai ta ce masa tashi ta yi.

Akwai kuma kishiyar wannan: ƙwallon da aka hana juyi kwata-kwata. A nan ne ɗinki ke aiki. Da yake ba ta juyawa, ɗinkin yana tsayawa a gefe ɗaya ya dagula iskar wurin, ƙwallon ta ɗan motsa, ɗinkin ya koma wani gefen, turin ma ya canza. Sai ta riƙa rawa a hanya, shi kansa mai jifan bai san inda za ta ƙare ba. Irin wannan ne Juninho ya shahara da shi a ƙwallon ƙafa, da kuma bugun Cristiano Ronaldo a ragar Portsmouth a Janairun 2008. Shi ne kuma abin da ya sa masu tsaron raga suka yi ta ƙorafi da Jabulani, ƙwallon gasar cin kofin duniya ta 2010 mai ƙyalle takwas kacal. Ƙwallon roba ta yara mara nauyi tana yin wannan rawar fiye da kowacce, saboda turi kaɗan ya ishe ta. Tamola kuwa ba ruwanta, ba ta samun gudun da iska za ta yi wasa da ita.

Inda gora ta haɗu da ƙwallo

Haɗuwar gora da ƙwallo ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Mu yi lissafi: ƙwallo mai giram 145 ta zo da mita 40 a sakan, ta koma da mita 45 a sakan, duk a cikin sakan 0.0007. Matsakaicin ƙarfin da ke kanta a wannan ɗan lokacin ya kai nauyin kusan tan biyu, kamar a ɗora mata buhun gero 18 masu kilo ɗari-ɗari. A hoton kyamara mai sauri za ka ga ta lotse kamar ƙosai kafin ta dawo daidai.

Abu biyu ne suka fi ba ni sha'awa a nan. Na farko, gudun gorar ya fi gudun jifan tasiri a kan yadda ƙwallon za ta fita, da kusan ninki shida. Na biyu, lokacin ya yi gajarta har girgizar bugun ba ta isa hannun mai gora ta dawo kafin ƙwallon ta tafi, don haka matse gorar da ƙarfi a lokacin haɗuwa ba ya ƙara komai. Abin da ke ƙarawa shi ne wurin da aka buga. Wajen santimita 15 daga kan gorar akwai wurin da itacen ba ya girgiza sosai. Ka same shi, ƙwallon ta tafi ba ka ji komai a hannu ba. Ka kuskure shi, ƙarfin ya tafi wajen girgiza itace, tafin hannunka ya yi zugi. Wanda ya taɓa bugun wake da sanda a masussuka, ko ya sari itace ƙotar gatari ta daki gungumen maimakon ruwan gatarin, ya san wannan zugin.

Iskar Gumel ba ɗaya ba ce duk shekara

A aji an koya mana cewa jifa mafi nisa shi ne na digiri 45. Gaskiya ne, amma a duniyar da babu iska. Ƙwallon besbol da ta bar gora da kilomita 160 a awa za ta yi mita 200 in babu iska. A zahiri wajen mita 120 take yi. Saboda turjiyar iska, kusurwar da ta fi kai ta nesa tana tsakanin digiri 25 zuwa 30 ne. Golan da ke ɗaga ƙwallo sama kamar zai harbo shirwa, asarar nisa yake yi.

Turjiyar ta dogara da kaurin iska, kaurin kuma yana canzawa da tudu da zafi. Filin Coors da ke Denver yana kan tudun mita 1,600, iskarsa ta fi ta bakin teku sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ƙwallo tana nisa a can, jifa kuma ba ya lanƙwasawa yadda ya saba, har tun 2002 suke ajiye ƙwallayensu a ɗaki mai laima don su rage tsalle.

Ƙasar Gumel ba tudu ba ce, ba ta kai mita 500 sama da teku ba. Namu bambancin na zafi ne. Ɗauki safiyar hunturu mai digiri 15 da azahar ɗin bazara mai digiri 42 a Maigatari: iskar bazarar ta fi sirantaka da kusan kashi 9 cikin ɗari. Wato bugu iri ɗaya, a fili ɗaya, zai ɗan fi nisa a watan Afrilu, ya kuma ɗan fi lanƙwasa a watan Janairu. Ƙwallon da aka bari a rana ma iskar cikinta na ƙara matsi, ta yi tauri ta riƙa tsalle. Ga wani abin da mutane ba sa yarda da shi sai an yi ta bayani: iska mai laima ta damina ta fi busasshiya rashin nauyi, ɗan kaɗan. Nauyin da kake ji a ƙwallo da damina ruwa da taɓon da ta kwasa ne.

Amma duk waɗannan ƙanana ne a kan iska mai kaɗawa. Turjiya tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Ƙwallo mai mita 25 a sakan da ta fuskanci iskar hunturu mai mita 5 a sakan, iskar tana dukanta da 30. Idan iskar na bayanta, da 20. Talatin sau talatin 900, ashirin sau ashirin 400. Turjiyar ta ninka fiye da sau biyu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Kyaftin ɗin da ya san haka ba ya zaɓen gida da ka idan an jefa kwabo.

Abin da manya ke aunawa da shi

Babbar gasar besbol ta Amurka ta fara bin sawun kowane jifa da kyamara a 2006. A 2015 ta sa tsarin Statcast a filayenta 30, mai haɗa rada da kyamarori, a 2020 kuma ta koma kyamarorin Hawk-Eye, guda 12 a kowane fili. Hawk-Eye ɗin nan, mallakar Sony, shi ne ke faɗa wa alƙalin wasan Firimiya ko ƙwallo ta haye layi tun kakar 2013. A gasar Qatar ta 2022 an dasa wata 'yar na'ura a tsakiyar ƙwallon Al Rihla mai aika bayanin motsinta sau 500 a sakan. Ita ce ta nuna kan Ronaldo bai taɓa ƙwallon da Bruno Fernandes ya ci Uruguay ba, duk da murnar da ya yi. Irin wannan na'urar mai jin motsi da juyi tana cikin wayoyi da yawa. 'Yar'uwarta ce ke juya maka allo idan ka kwantar da waya.

Yanzu kai da wayarka

Bidiyon yau da kullum hoto 30 ne a sakan. Wayoyi da dama na Tecno da Infinix da Redmi da Samsung suna da bidiyo mai tafiyar hawainiya, wanda za ka gani da sunan Slow Motion a kyamara, mai hoto 120 ko 240 a sakan. Duba taka ka san lambar, domin duk lissafin a kanta yake.

Samu katanga, ka auna mita 11 daga gare ta da tef ɗin magina, nisan fenariti ke nan. Kada ka auna da taku. Mai ɗauka ya tsaya a gefe, daidai tsakiya, ya ja baya har mai bugu da katangar su fito tare. Ya jingina wayar a kan bulo ko kujera don kada ta motsa. Bayan an buga, buɗe bidiyon a manhajar da ke bari a matsa hoto ɗaya-ɗaya, ka ƙirga daga hoton da ƙafa ta taɓa ƙwallo zuwa wanda ta daki katanga. A ce ka samu 55 a waya mai 120. Raba 55 da 120, ya ba ka sakan 0.46. Raba 11 da 0.46, ya ba ka kusan mita 24 a sakan. Ninka da 3.6, ka samu kilomita 86 a awa. Wannan matsakaicin gudu ne. Lokacin da ta bar ƙafarka ta ɗan fi haka.

Don auna juyi, manna baƙin salatif a gefe ɗaya na ƙwallon, ka ƙirga hoto nawa ake ɗauka kafin ya zagayo. Idan 15 ne a waya mai 120, ƙwallon tana juyawa sau 8 a sakan, wato 480 a minti. Bugun tazarar ƙwararru yana kaiwa wajen 600.

Wanda wayarsa ba ta da wannan bidiyon, kunnenta ya isa. Manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi, kyauta ce a Android da iPhone, tana kuma aiki ba data bayan an sauke ta. A cikinta akwai agogon da ƙara ke tayarwa, ƙara ta biyu ta tsayar da shi. Ƙarar bugu ta tayar, ƙarar katanga ta tsayar. Sai dai ka ajiye wayar daidai tsakiyar nisan, saboda sauti ma tafiya yake yi, yana cin kusan sakan 0.03 kafin ya ƙare mita 11. A tsakiya jinkirin ɓangarorin biyu yana kashe juna. Kuma a yi shiru, tafi ɗaya ko hon ɗin babur zai ɓata awon.

Akwai tarko biyu. Wasu wayoyin da ke tallan 960 ba hoto 960 na gaske suke ɗauka ba, manhaja ce ke ƙirƙiro na tsakiya don bidiyon ya yi santsi. Yana da kyau a ido, ba ya awo. Gwada taka: ɗauki agogon gudu na wata wayar yana tafiya, ka ƙirga hotunan da ke cikin sakan ɗaya. Na biyu, bidiyo mai sauri yana cin haske da wuri a ma'ajiya, yana kuma ɗumama waya. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi. Dab da magariba ƙwallon za ta zama dishi-dishi, da tsakar rana kuma wayar na iya rufe kyamara saboda zafi. Ka kuma nisanta ta daga hanyar ƙwallo, don kuɗin sabon gilashi ya fi na ƙwallon.

A ganina amfanin wannan ya wuce cin musu a majalisa. Yaron da ke buga wa ƙungiyar unguwa a Gagarawa ba shi da mai horarwa da ke riƙe da rada, kuma masu neman 'yan wasa ba su cika biyowa ta nan ba. Amma zai iya buga goma yau ya rubuta lambobin, ya gyara inda yake dasa ƙafar tsayuwa ko wurin da yake dukan ƙwallon, ya sake buga goma bayan sati biyu da ƙwallo ɗaya a lokaci ɗaya na yini, ya ga ko 78 ta zama 84. Ɗalibin Fiziks a Kwalejin Ilimi ta Gumel ma ya samu aikin gwaji da ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje: awo ɗaya a Janairu, ɗaya a Afrilu, a katanga ɗaya. Idan akwai kwamfuta a kusa, manhajar Tracker ko Kinovea, dukkansu kyauta, za su zana masa hanyar da ƙwallon ta bi hoto bayan hoto, har ya ga daidai inda ta fara karyawa.